Afuwar da ban mayar ba

Guanzu, ƙasar Sin

Zuwa ga angona Abdulrasheed,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, Allah ya yi wa karatunka albarka. Idona ya washe tun bayan aikin, har ina ganin muninka a hoto sarai. Baffanka Alhasan da matarsa Rahila lafiya lau, sai dai da safe su tafi kasuwar Canaan su bar ni a hawa na sha huɗu, ni da taga.

Taimako nake nema, kai da kake karatun harsuna. Na yi ƙawa a ɗakin da ke kallon namu, Ibu Sumarni, tsohuwa 'yar Indonesiya da ta zo wankan jegon 'yarta. Ibu ɗin wai inna ke nan. Ba ta jin nawa, ba na jin nata, har ranar da ta zo aron abu tana cewa sabun, na miƙa mata sabulu. Daga nan muka shiga farautar kalmomin da muka yi tarayya a kansu. Duniyarmu dunia, niyya niat, arziki rezeki, labari kabar. Rahila ta ce duk daga Larabci muka aro, mu da su da 'yan Malesiya. Na ce ashe gida ɗaya muka yi sata, su suka gudu kafin su ɗauki wutsiyar kalmomin. Wata uku muna hira da kalmomin da ba su kai ashirin ba, kuma ban taɓa gajiya ba.

Ranar Asabar Ibu Sumarni ta koma gida Indonesiya. A bakin ƙofa ta kama hannuna biyu ta kai goshinta, tana ta cewa, "Maaf, maaf." Ni kuwa na ɗauka godiyar dambun da na yi mata take, na yi dariya na tura ta cikin lif. Sai da yamma Rahila ta ce ai afuwa ce, yafiya take nema kamar yadda muke yi in za a rabu. Mu biyu duk mun haura saba'in, Abdulrasheed, ba sake haɗuwa za mu yi ba, matar nan ta tafi ban ce mata na yafe ba.

Rahila na da lambar 'yar Ibu Sumarni. Ka binciko mini yadda ake cewa na yafe, ni ma ki yafe mini, ka karanto a waya a hankali yadda zan haddace. Da bakina nake so ta ji. Kar ka yi mini nawarka, tana fama da ƙirji.

Ka gaida babanka, da Mas'uda, da Kallamu in ya leƙo.

Kakarka,
Fasuma