Na ɓoye wayata a buhun masara, na ce masa tana Gozaki

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Adimin a sakaya sunana don Allah. Ku taimaka min da shawara, jibi Juma'a asirina zai tonu.

Ni matar aure ce a Funtuwa, 'ya'yanmu biyu. Maigidana malamin kwamfuta ne a wata sakandare. Bayan wannan akwai aikin da ya ɗora wa kansa, shi da wasu mutane na ƙasashe daban-daban da bai taɓa gani ba, suna kula da wata manhaja da ake ƙera wasannin gem da ita, wai injin gem. In aka yi wasa da injin nan sai ya yi aiki a kwamfuta da kowace irin waya. Shi nasa bin rubutun injin layi-layi yana gyara kurakurai. Ban taɓa hana shi ba, ya fi min zaman majalisa.

To wata guda ke nan wani kuskure ya hana shi sakat. Ana cikin wasa sai sauti ya ɗauke, allo ya daskare. A kwamfutarsa lafiya lau, a wayarsa lafiya lau, masu tsofaffin wayoyi ne kawai ke ta ƙorafi. Ya ce min ba ya iya gyarawa sai ya sa abin ya faru a gaban idonsa. Ashe duk gidan nan tsohuwar wayata ce kaɗai take nuna shi.

Tun daga nan waya ta bar hannuna. Ina girki ina sauraron karatu zai leƙo, Maman Hanifa ara min minti biyar, sai la'asar zan gan ta. Ya gyara manhajar ta yi aiki a wayata, ya koma kwamfuta ya tarar gyaran ya ɓata can, a sake sabon lale. Da wurin ajiya na wayar ya cika ya kwashe hotunan sunan autarmu zuwa kwamfuta ya goge na wayar, da muka buɗe rabi sun lalace. Na yi kuka, ya ba ni haƙuri, na haƙura.

Yanzu kuma wai sai ya goge wayar kaf ta koma kamar sabuwa, don ya tabbatar ba tarkacen cikinta ne ke jawo matsalar ba. 'Yan uwa, a ciki saƙonnin muryar Innata suke, wadda ta rasu bara. Akwai wanda take sa min albarka, akwai wanda take min faɗa na cika yaji a miya. Na ce ya kwafe su, ya kunna min ɗaya bayan ɗaya a kwamfutar in ji da kunnena, sannan ya goge. Kullum sai ya ce anjima. Ranar Litinin da na matsa ya ce ban yarda da aikinsa ba ke nan, shi da mutanen duniya ke amincewa da gyaransa. Na ce su ba hotunansu aka lalata ba. Ya fita ko abinci bai ci ba.

Sai na kashe wayar na naɗe a leda na cusa cikin buhun masara, na ce na manta ta a gidan Yayata a Gozaki da muka je barka ni da yara a yammacin ranar. Astagfirullah, shekara tara da aure ban taɓa yi masa ƙarya ba. Da wayar maƙwabciyata ma nake rubuta wannan.

Jiya ya ce min ana jiransa za a saki sabon injin, don haka ana saukowa daga masallacin Juma'a zai hau babur ya je ya karɓo ta. Yaya kuwa ba ta san komai ba.

In na faɗa masa gaskiya ina tsoron cikin fushi ya goge ta nan take. In na roƙi Yaya ta rufa min asiri na jawo ta cikin zunubina, na kuma bar bawan Allah ya kama hanya a banza. Wallahi ba aikinsa nake son ɓatawa ba, muryar uwata ce ba ni da wata. Don Allah ta ina zan fara masa maganar kafin Juma'a?