Teburin Inna Mai Guga

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ni kam kaina ya ɗaure. Wata biyu ke nan da ka yi ritaya aka ba ni kujerarka a kamfanin ɗinki, kuma babu sashen da ban gyara ba. Masu yankan yadi sun ƙara sauri, teloli ma haka. Amma makarantar da muke ɗinka wa kayan ɗalibai ta dawo da riga ɗari uku, wai hannuwan sun yi gajere. Mai kamfani ya ba ni mako biyu, in gano mai laifi ko in kama gabana. Masu yanka sun ce teloli ne, teloli sun rantse ba su ba ne. Wa zan kora?

'Yarka.

'Yata,

Na ga saƙonki, ƙafa da sauƙi. Kada ki kori kowa tukuna. Ina Inna mai guga take zama yanzu?

Kawunki.

Kawu,

Barka da war haka. Ina maka maganar aikina, kana tambayar mai guga? Ɗakin baya na mayar da ita. Teburinta ya tare tsakiyar ɗaki, ga surutu, yini take tana ƙwala wa mutane kira. A zanen tsarin aiki da na yi ma ita ce ta ƙarshe, kaya su zo mata, ta goge, shi ke nan. Wallahi ban gane inda ka dosa ba, kuma saura kwana biyar.

'Yarka.

'Yata,

Allah ya yi miki albarka. Idan ta ƙwala kiran, me take cewa? Ni ma sai da na shekara uku kafin na saurara. Ki je ki tambaye ta.

Kawunki.

Kawu,

Ina gaisuwa. Na je. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Sabon yadin nan tsukewa yake in ya ji wuta. Da ina tsakiya, daga rigar farko zan ce wa masu yanka su ƙara yatsa biyu. Na gani tun ranar da aka kawo min rigunan, amma kin ce in rage baki."

Kunya ta kama ni. Da hannuna na taya ta mayar da teburin tsakiyar ɗaki. Gobe mai kamfani yana jiran sunan mai laifi, ni kuwa na duba ko'ina, nawa kawai nake gani. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka.