Sau Tara Na Gyara Bayan Tatang Takyo

Tita Nening, don girman Allah ki taimake ni, saura kwana goma sha biyu kuma na rasa inda zan sa kaina. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, uku na yayyaga. In kin ga ina gaba ina baya ki yi haƙuri, haka nake tun Asabar. Ko a kantin magani inda nake aiki ba na iya zama. Shekaranjiya wata tsohuwa ta zo sayen maganin tari, na tsaya ina kallonta har ta tambaye ni ko ni ce marar lafiyar.

Shekarata arba'in da shida, mijina ya rasu, 'yata tana aikin jinya a Manila. Duk Asabar ina tuƙa ƙaramin jirgi a ƙungiyarmu da ke tsakiyar gonakin rake a kudancin Tarlac. Irin masu kujera biyun nan ne, ƙarfe da yadi, ba ƙofa ba taga, waɗanda surukata ke kira rumfar mai kifi da aka sa wa inji.

Wanda ya koya mini shi ne Tatang Takyo, tsohon makanike, shekara saba'in da huɗu. Da hannunsa ya share filin, kuma duk mai tashi a nan ta hannunsa ya bi. Shi ya riƙe 'yata ranar baftisma. Dokarsa ɗaya ce: kafin ka tashi, ka zagaya jirginka kai kaɗai, ka taɓa kowane noti da kowace waya da yatsanka, kuma ba mai yi maka magana. In wani ya ko gaishe ka, ka koma farko. Ba shi da sassauci a kan wannan. Ranar da aka gama addu'ar kwana tara ta mijina na zo filin idona jawur, wai zan tashi in sha iska. Ya zare makullin jirgin ya jefa aljihu, ya ce, "'Yar nan, yau ƙasa ce taki. Wuce gida wajen matata, Imarki, ki ci taliyar pansit." A gaban mutane ya yi mini haka. Wata guda ban yi masa magana ba. Ban ma san me ya sa nake gaya miki wannan ba, bari in koma kan maganar.

A watan Janairu ya gama zagayensa ya hau, sai na hango murfin tankinsa a buɗe. Na je kamar zan ɗauki hoto, na murɗa shi, bai gani ba. Na ce kowa na mantuwa. Bayan mako biyu ya tsaya kan jarkar fetur yana sosa ƙeya, ya ce, "Na zuba baƙin mai a cikin nan kuwa, ko a kofina na zuba?" Ya yi dariya, na yi. Injinsa irin wanda ake gauraya wa mai ne, in ba a zuba ba sai ya ƙone a sama. Yana juya baya na canza jarkar. Daga nan sai fil ɗin lemar ceto da bai cire ba, sai bel da bai ɗaure ba. Na koma zuwa da sassafe, ina bin sawunsa da dabara, yau wai ɗan kunnena ya faɗi ƙarƙashin fiffike, gobe ina neman sifana. Sau tara, Tita, na ƙirga. Ba wanda ya sani. A taron watan jiya Boyet Lacsamana, wanda muka ɗora wa kula da lafiyar tashi, ya ce wa sababbi, "Ku dubi Tatang, shekara talatin ko noti bai taɓa mantawa ba." Aka tafa, har da ni.

To Asabar ɗin nan ya tashi shi kaɗai, yawon minti ashirin, ya yi hamsin. Can sai muryarsa a rediyo: "Wa ya ɗauke mini filin? Boyet, kai ka sayar wa masu rake ko?" Rumfar da muke jiransa ta kaure da dariya. Ni ban yi ba, don na san muryarsa ta wasa, wannan ba ita ba ce. Na karɓi rediyon na ce, cikin raha ni ma, ya sa Dutsen Arayat a kafaɗarsa ta hagu ya biyo kogi. Da ya sauka rigarsa sharkaf, man da ya rage bai fi yatsa biyu ba, kuma ya ƙi haɗa ido da ni. A nan na gane hannuna iyakarsa ƙasa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Lahadin sama bikin cocin garinmu ne, kuma ranar suke cika shekara hamsin da aure shi da Ima Luming. Matar da ko kujerar jirgin ba ta taɓa zama ba, ita ce ta yarda zai ɗauke ta su watsa furen sampaguita a kan jerin gwanon bikin, daidai cocin da aka ɗaura musu aure. Ta ɗinka riga, ta sa a tanadar mata kwando biyu. Ta riƙe hannuna tana cewa, "Shekara talatin wannan tsohon yana roƙona, gara in hau tun gwiwoyina suna jin magana." Ni kuwa murmushi na yi mata kamar sakarya.

In na gaya wa Boyet, za a dakatar da Tatang a filin da ya share, kuma kunyar za ta kashe shi kafin tsufa. Garin nan za a ce 'yar da ya koya wa tashi ce ta tona shi. In na yi shiru, akwai Ima a kujerar baya, akwai rabin gari a ƙasa. Na yi tunanin ɓoye wani ƙarfen injin. Na kunna kyandir ina roƙon ruwan sama. Jiya na bar kanti da rana tsaka na tuƙa har filin, na zagaya jirginsa sau biyu, na dawo ban yi komai ba. Ina son mutumin nan kamar ubana, kuma tsoro nake ji. Me zan yi?

Mai Bin Baya, Tarlac

*

Mai Bin Baya, 'yata, ja kujera ki zauna tukuna. Ni ko tsani ba na hawa, amma damuwarki ba sai matuƙi ba ne zai gane ta.

Ki bar zargin kanki da butulci. Mutuncin da kike tsare masa ba ƙaramin abu ba ne, kuma kin yi gaskiya, kunya a bainar jama'a na iya karya dattijo irinsa. Ban da haka, ba kowace mantuwa ce ƙarshen hanya ba. Ke mai sayar da magani ce, kin fi ni sanin abin da sukari, ko rashin barci, ko ƙwayoyin da ba su jitu ba ke yi wa kan tsoho. Mai yiwuwa abin na da gyara.

Amma zan faɗa miki abin da ba ki so ji. Sau tara kin ceci ransa, kuma sau tara kin ɓoye masa abin da ya fi kowa haƙƙin sani. Tafin da aka yi masa a taro, ke kika jawo shi. Boyet bai san komai ba saboda ke, Ima ta ɗinka riga saboda ke. Ɓoye ƙarfe kuwa ki cire shi daga ranki, makanike ne, kafin azahar zai gano, sai ki zama maƙaryaciya a banza. Ruwan sama kuma in ya hana wannan Lahadi, akwai wata Asabar.

Gobe ki je gidansa, ba filin ba. Ki nemi ku zauna ku biyu. Ki rubuta abubuwan taran da ranakunsu, ki karanta masa yadda suke, ba ado ba dariya. Ba labari za ki kai masa ba, mutumin da ya sauko da jiƙaƙƙiyar riga ya ƙi kallonki ya riga ya sani, shi kaɗai yake ɗauke da abin. Ki roƙe shi ya ga likita a makon nan, ki ce ke za ki kai shi. Ki ba shi damar ya gaya wa Boyet da bakinsa kafin Asabar, don wanda ya ajiye makulli da kansa girmansa ƙaruwa yake yi. Sannan ki faɗa masa a fili cewa in bai faɗa ba, ke za ki faɗa, kuma ki cika. Ima Luming ma dole ta ji kafin ta hau komai. Kada ki yi mamaki in ta ce ta daɗe tana kashe murhun da yake mantawa a kunne a gida.

Furen kuwa ba sai sun bushe a kwando ba. Kuna da jirage, kuna da matuƙa. In ƙungiya ta amince, ke ki ɗauki Ima, Boyet ya ɗauki Tatang, ku bi juna a kan cocin kowa da kwandonsa. Ba abin da ya yi shekara talatin yana buri ba ne, na sani. Amma su biyun za su ci abincin bikin.

Zai yi fushi, ƙila ya yi wata guda bai yi miki magana ba. Kin san tsawon wata guda, kin taɓa yi masa. Kin ce ba ki san me ya sa kika ba ni labarin makullin nan ba. Ni na sani. A ranar ya ga gara ki ƙi shi kina raye, ya kuwa jure. Ba zagayen jirgi kaɗai ya koya miki ba. Idan kalmomi suka ƙare miki gobe, ki riƙe hannunsa ki ce masa, "Tatang, yau ƙasa ce taka."

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ba shi lafiya, ya kai Ima Luming ga ganin rufin cocinsu daga sama.

Tita Nening