Sunan da Hauwa'u Ba Ta Taɓa Kira Ba

Ƙofar Guga, Katsina
6 ga Janairu

Zuwa ga ƙanwata Dije,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki?

Gyara zama kafin ki karanta: na koma makaranta. Ni da na shekara talatin riƙe da alli, yau ni ce a kan benci. Wata cibiyar koyar da Faransanci ce a wajen Ƙofar Kwaya, har da ɗakin karatu, ranar Asabar kuma a nuna mana fim. Jikata Ma'u ce ta jawo. Duk sanda uwarta ta kira ni daga Abijan, inda suke zaune, ta miƙa mata waya, sai yarinyar ta yi ta zuba da Faransanci, ni kuwa sai murmushi kamar hoto. Ko tsokanarta ba na iya yi.

Malaminmu, Malam Zakari, ɗan Damagaram ne, ya ce wasu kalmomin ta hanci ake fitar da su. Maigidan ya ji ni ina gwadawa a madafa, sai ga shi da maganin mura.

Ki gaishe da kowa.

Yayarki,
Hauwa'u

19 ga Yuni

Dije,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wata magana ce ta tsaya mini a wuya. Ranar bikin kammalawa kowa zai miƙe ya gabatar da iyalinsa da Faransanci, suna bayan suna. Kin san tun da na haifi uwar Ma'u ban taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce, ana yaye ta kika ɗauke ta. Ko a aji, in na ci karo da mai sunanta a rajista, da hannu nake nuna ta.

Malam ya yafe mini sunan maigida, ya yafe na ɗiyar ma. Ni ce na kasa sakewa. Kin taɓa gaya mini tana ƙarama ta tambaye ki ko ba na son ta. Dariya na yi a lokacin, amma wallahi maganar ba ta bar ni ba. Ga shi makon bikin za su zo hutu, kuma ta ce sai ta halarta. Ki sa ni a addu'a.

Yayarki,
Hauwa'u

28 ga Yuli

Dije,

Sallama da gaisuwa. Albishirinki, na yi!

Da aka kira ni na miƙe. Na faɗi sunana, na ce ina da 'ya'ya huɗu, na fara daga auta don in ja lokaci. Da na iso kan uwar Ma'u sai na ɗaga kai, na gan ta a layi na biyu da Ma'u a cinya. Na kira sunan, na ƙara da abin da ba ya cikin takardata: ita ce ta fari, kuma ina son ta ƙwarai. Da da Hausa ne da bakina ya ƙi, amma Faransanci bai san kunyarmu ba.

Ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana dariya. Hajo maƙwabciyata ta riƙe baki, ta gane sunan ko da ba ta ji sauran ba. Ma'u kuwa cewa ta yi ina magana kamar mai mura, na ce ta je ta tambayi kakanta. Mun yini muna tsokanar juna.

Sun koma jiya. Na saka wata 'yar takarda a jakarta, ga abin da na rubuta:

Zuwa ga Safiya. Ina fatan kun sauka lafiya. Wannan karon da Hausa na rubuta sunanki. Mahaifiyarki.

Ki gaishe da mutanen gida. Na gode da riƙon da kika yi mata.

Yayarki,
Hauwa'u