Tafin da Na Yi a Zauren Matasa

Litinin, 3 ga Maris

Surukata ta sanar da ni, ba shawarata ta nema ba, cewa ta sa jikana Takwara a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta zauren matasa. Wai zai buɗe masa baki. Yaron da tun rasuwar ubansa bara bai ce mini komai ba in ban da gaisuwa. Na shugabanci makaranta har furfura ta rufe ni, ban taɓa ganin an yi wa maraici magani da shashanci ba. Cire shi zan yi.

Alhamis, 13 ga Maris

Na ji muryata tana fitowa daga ɗakinsa, har da gyaran muryar da nakan yi kafin magana. "Namiji ba ya kuka. Tashi." Ƙannensa suna ta ƙyaƙyata dariya. Ashe abin da ake koya masa ke nan, ya mai da kakansa abin ba'a.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban amsa gaisuwarsa ba.

Asabar, 22 ga Maris

Na je zauren, domin in gani da idona kafin in yanke hukunci. Ƙa'idarsu ita ce, duk ɗan kallon da bai gamsu da yadda wasa ke tafiya ba ya tafa, a tsaya, ya hau ya gyara.

Wasan na wani yaro ne da ya dawo daga jana'izar ubansa. Takwara ne tsohon gidan, da sanda, da tabarau a kan karan hanci. Maƙwabta suna satar kallona. Na tafa, na miƙe, na ce wannan cin mutunci ne.

Malamarsu, wadda autata ma ta girme ta, ta russuna. "Baba, wanda ya tafa shi ke hawa. Amma ba a karɓar gurbin tsohon, sai na yaron."

Telan layinmu ya ce daga bayan zauren, "Malam, yau kai ne ɗalibi!" Zan tuna masa.

Girman kai ya hau da ni. Suka zaunar da ni a ɗan benci, gwiwoyina kusa da haɓa. Takwara ya tsaya a kaina, ban san ya yi tsawo haka ba. Ya buga sanda. "Namiji ba ya kuka. Tashi!"

Na tanadi amsa mai kyau, wadda za ta koya wa zauren ladabi. Ta ɓace. Abin da ya fito shi ne, "Ɗana ne fa."

Ya sauke sandar. Da muryarsa ta kansa ya ce, "Ni ma ubana ne, Kaka."

Ba zan rubuta sauran ba. Rashin ta-ido ne a sa dattijo a wannan hali a bainar jama'a, kuma na faɗa wa malamar haka.

Talata, 25 ga Maris

Ya shigo ɗakina bayan la'asar ba tare da an kira shi ba. Ya tambaye ni ko ubansa yana da ƙiriniya yana yaro. Na ce ya fi shi. Muka daɗe. Surutu gare shi ashe.

Ra'ayina game da malamar nan bai sauya ba. Gobe suna da gwaji, kuma motoci sun yi yawa a titin zauren. Dole in raka shi.