Wa Ke Rufe Wa Dillalan Riɗi Shabaka a Gadarif?

Zuwa ga Sayyid Mudir, shugaban kamfanin da ke raba intanet ga ofisoshin dillalan hatsi a Gadarif,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali, da fatan an ga kaka lafiya. Ni ne Muhandis Abdurrahman, injiniyan da har kwanan baya yake kula da na'urorin shabakarku, wato layukan intanet ɗinku. Na yi ta zuwa ofishinka, kullum sai a ce min ka tafi Hartum, alhali ga motarka a inuwar darbejiya. Shi ya sa na rubuto a fili, inda dillalai ma za su karanta, domin maganar ta shafe su kafin ta shafe ni.

Na farko. Bari in yi bayani saboda waɗanda ba aikinsu ba ne. Siwic akwati ne mai ƙofofi a jere, kowace ƙofa wayar ofishi ɗaya ce ke shiga cikinta. Aka rufe ƙofar, ofishin ya kurumce. Lokacin da ka ɗauke ni aiki, duk sanda wutar kahraba, wato lantarki, ta ɗauke ta dawo, sai na saɓi kwamfuta na bi akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya ina gyara musu saiti. Da damina ka san baƙar lakar garin nan, takalmi ma ƙwace shi take yi. Don haka na zauna na rubuta sikirif, wato jerin umarni da ke shiga kowane siwic daga ɗakin na'urori, ya adana saitinsa, ya sauya kalmar sirri, ya buɗe ƙofar da ta maƙale, ba sai na taka ko'ina ba. Abin da yake yi ke nan, ba ƙari. Kai da bakinka ka yaba a gaban ma'aikata, ka sa na rubuta sunana a samansa.

Na biyu. Ana gab da yankan riɗi ka kawo mana wani Ustaz Mu'utasim, ka ce mai ba da shawara ne daga Hartum. Ba mu ga takardar ɗaukarsa ba, ba mu san wa ke biyansa ba, kuma na lura kai kanka kana miƙewa idan ya shigo. Mutum ne mai fara'a da yawan salati. Ya zauna kusa da ni yana shan shayi, yana tambaya. Bai taɓa tambayata yadda ake gyara abin da ya lalace ba. Abin da ya so ji shi ne, ko sikirif zai iya rufe ƙofa ɗaya tak a bar sauran, ko za a iya sa masa lokaci ya rufe ya kuma buɗe da kansa, ko za a iya kwafe abin da ke wucewa ta wata ƙofa a tura shi wata. Na ce masa duk siwic na zamani yana iya wannan, amma ba aikinmu ba ne. Ya yi murmushi ya ce don ilimi kawai yake tambaya. Kashegari ka aiko in ba shi sikirif ɗin da kalmar sirri. Na ba shi, domin umarninka ne. Ba a yi mako ba aka sauya kalmar, ba a faɗa min sabuwar ba, aka kuma sauya kwaɗon ɗakin na'urori. Sayyid Mudir, wane irin mai kula ne ake kulle wa ɗakin da yake kula da shi?

Na uku, kuma nan ne abin ya fi cin raina. Tun da aka fara gwanjon riɗi, shabaka ta koyi ɗaukewa da hantsi, daidai lokacin da dillalai ke jiran farashi daga Port Sudan, ta dawo bayan azahar an riga an gama ciniki. Da a ce kowa take ɗauke wa, sai mu ce kahraba ce ko ɓera ya ci waya. Amma zaɓe take yi. Ofis biyu a jere, siwic ɗaya, wannan yana aiki, wancan shiru. Na bi ofisoshin da ƙafata ina tambaya, ban samu ko ɗaya daga cikin manyan sabuwar ƙungiyar 'yan kasuwa da layinsa ya taɓa yankewa ba. Waɗanda abin ke samu su ne waɗanda suka ƙi shiga ƙungiyar, kuma da yawansu mutanenmu ne Hausawa.

Ɗaya daga cikinsu kawuna ne, Alhaji Ɗahiru, ƙanin mahaifiyata, wanda ke sayar wa ƙananan manoman Basunda riɗinsu. Ranar da farashi ya tashi, shi bai ji ba. Ya sayar a tsohon kuɗi, wanda ya saya kuwa maƙwabcinsa ne mai layi lafiyayye. Manoman sun zo har ƙofar gidansa suna cewa ya ha'ince su, mutumin da ya yi furfura a kasuwar nan ba a taɓa kama shi da ƙwange ba. Da dillalai suka yi ƙorafi, kamfaninka ya liƙa sanarwa cewa kuskure ne daga sikirif ɗin Muhandis Abdurrahman. Sikirif ɗin da aka hana ni ko kallonsa.

Na huɗu. Bayan wannan aka kira Kawu wani ofishi da ba shi da allo a ƙofa. Aka ajiye shi a benci tun safe har la'asar, sannan aka karanto masa saƙon da ya aika wa abokin cinikinsa na Matamma, can ƙetaren iyaka, hayin Gallabat, kalma bayan kalma, har da gaisuwar da ya yi wa matar mutumin da ta haihu. Maganar buhu da mota ce kawai, suka sake shi. Da na je yi masa jaje, bai ce in zauna ba. Ya dube ni ya ce, "Abdurrahman, kai ka jona min wayar nan da hannunka. Ka faɗa min gaskiya, tun yaushe kake musu aiki?" Na rantse masa da Allah, ya ce to, ya juya kansa. Har yau in na gaishe shi a masallaci da kai yake amsawa. Mahaifiyata ta daina zuwa gidan ɗan'uwanta don kunya.

Ban ga an kwafe saƙon Kawu da idona ba, ba zan yi shaidar abin da ban gani ba. Mai yiwuwa ta wata hanya aka samo shi. Amma na san tambayoyin da aka yi min a kan shayi, na san abin da ya biyo baya, kuma ni ba jariri ba ne.

Na biyar. Da na nemi a bar ni in duba na'urorin a gabanka, amsar da na samu ita ce takardar sallama, wai don maslahar jama'a. Ba a faɗi laifina ba. Wace jama'a ce ta amfana? Na nemi aiki a wurare, ko'ina labari ya riga ni: wasu na ganin ban iya aiki ba, wasu na ganin ɗan leƙen asiri ne ni. In na shiga wurin mai shayi sai hira ta koma ta ruwan sama.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinka ba. A kawo muhandis daga waje, wanda dillalai suka zaɓa da kansu, ya buɗe sikirif ɗin da saitin kowane siwic a gabansu. In kuskurena ne, in amsa a tsakiyar kasuwa. A cire sanarwar da ke ɗauke da sunana, a kuma goge sunana daga saman rubutun da ba ni ke riƙe da shi ba. Ka faɗa wa masu biyan kuɗin layi ko wane ne Ustaz Mu'utasim, da kuma wanda yake kai wa rahoto. Sannan ka je wurin Alhaji Ɗahiru da kanka, ka faɗa masa abin da ka sani. Ko aikin ban nema a mayar min ba.

In kuwa kai ma ba ka san abin da ake yi a ɗakin nan ba, to ga nasiha daga wanda ya ja wayoyin ginin: layin ofishinka da na gidanka duk a kan siwic ɗin farko suke, kuma sikirif bai san Mudir ba, ƙofa kawai ya sani.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka mutuncinka da na iyalinka, ya ba ka ƙarfin zuciyar da za ka buɗe ɗakin nan.

Wassalam.

Muhandis Abdurrahman,
Gadarif.