Muryar Sufeto Ba-Wasa

Daren Alhamis, unguwar Rusholme, ƙasar Turawa

Ƙafafuna ciwo suke, barci kuma ya ƙi zuwa.

Yau na tarar Baba Selvam, ɗan ƙabilar Tamil ɗin da nake wanke-wanke a gidan abincinsa, ya rataya wa wani hoto furanni. Ya ce daraktan ƙasarsu ne ya rasu, wanda ya fara da riƙe fitila a wurin ɗaukar fim, har ya zo yana ba da umarni yana kuma fitowa.

Ina ganin gashin bakin na gane shi. Na ce, "Baba, ai namu ne! A Kano Sufeto Ba-Wasa muke ce masa." Da rawar jiki na buɗe masa fassarar fim ɗinsa a waya, ga jarumi yana zuba Hausa.

Ya saurara, fuska ba walwala. "Ɗana, kashe. Wannan ba muryarsa ba ce."

Kunya ta rufe ni. Tun da hukumar gari ta rufe zauren da 'yan ƙasarsu suke taruwa kallo, ba shi da abokin zaman makoki sai ni. Ya kunna na asalin, muka zauna. Ko kalma ɗaya ban gane ba.

Tun ina yaro nake son mutumin nan, sai yau da ya mutu na ji muryarsa.